Bakan Zamani Mai Wili: Laba 60 Ko Laba 70?

Lambar saurin kibiya da kamfanonin ƙera baka mai wili (wanda tsarkiyarsa ke bi ta kan wili a sama da ƙasa) irin su Hoyt, Mathews da PSE suke rubutawa a tallarsu tana fitowa ne daga awon da ake kira IBO ko ATA a Amurka, inda ake ja da nauyin laba 70, wato kusan kilo 32, da tsawon ja inci 30, da kibiya mai nauyin giram 23 ko ƙasa kaɗan. Maharbin da hannunsa bai kai wannan tsawo ba, ko kibiyarsa ta fi wannan nauyi, ba zai ga wannan lamba ba, domin kowane inci da aka rage yana cin kusan ƙafa 10 a cikin daƙiƙa.

Fikafikan baka, wato sassa biyu masu lanƙwasa a sama da ƙasa, su ne ke tara ƙarfi, kuma galibi ana sayar da su a tazarar laba 10: daga 50 zuwa 60, ko daga 60 zuwa 70. Idan ka sassauta notunan da ke riƙe su ka rage laba 10 ba tare da canza kibiya ba, za ka rasa kimanin ƙafa 15 zuwa 20 a daƙiƙa. Amma wanda ya sauko zuwa laba 60 yana iya sauka zuwa kibiya mafi sauƙi, ya maido da yawancin saurin, sai dai ƙarfin hudawa ya ragu. Kada kibiyar ta yi ƙasa da ƙa'idar nauyin da kamfani ya gindaya, domin tsarkiya da fikafikai ne za su sha bugun, kuma garanti ya tashi ke nan.

A ganina mafi yawan masu saye laba 60 ta ishe su. Baka ya fi aiki sumul idan notunansa suna kusa da ƙurewa, saboda haka na 60 da aka ɗaure tam ya fi na 70 da aka sassauta. Gasar harbin baka ta duniya ma ba ta yarda a wuce laba 60 ba. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ka zauna a kujera, ka ja tsarkiya a hankali, idan sai ka ɗaga bakan sama kana cije leɓe kafin ta zo, ya fi ƙarfinka.

Mai niyyar ƙara nauyi daga baya ya sani cewa sauya fikafikai yana buƙatar na'urar matse baka da ƙwararren mai gyara, sannan a sake saiti, a kuma sayi kibau masu tauri. Mathews tana da samfura waɗanda ake canza nauyinsu da ɗan ƙaramin ƙarfe a jikin wili, fikafikan suna nan yadda suke. Ka tambayi mai shago farashin wannan ƙarfe da na fikafikai tun kafin ka biya kuɗin bakan.