Ajin koyon Python na titin Bauchi: abin da na gani a wata biyu

Sana'ata sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, kuma ƙanena ne ya matsa mini lamba har na yi rajista a wata cibiyar koyon kwamfuta da ke saman bene a titin Bauchi, ba nisa da Jami'ar Jos. Asabar da Lahadi ake karatu, daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar. Yaren da suke koyarwa Python ne, wato yaren rubuta wa kwamfuta umarni, wanda wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991.

Makonni biyun farko ba su burge ni ba. Rubuta suna, haɗa lamba da lamba, abin da na'urar lissafin wayata ke yi mini kullum. A mako na uku ne na san kuɗina bai tafi a banza ba.

Ranar malamin bai bar mu mun kunna kwamfuta ba. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wanda ya ɗauki buhu goma, kuɗinsa ɗaya da mai buhu guda?" Na ce a'a, mai goma ana yi masa ragi sosai, mai biyar a ɗan taɓa masa, sauran kuwa farashin kasuwa. Ya rubuta maganata a allo yadda na faɗe ta, sannan ya goge "idan" ya sa if, ya goge "in kuma" ya sa elif, ya goge "in ba haka ba" ya sa else. Wallahi sai na ji kamar an buɗe mini taga. Ya ce kwamfuta ba ta san "wataƙila" ba, kowace tambaya amsarta gaskiya ce ko ƙarya, True ko False, kuma dole harafin farko ya zama babba. Ya ba mu labarin George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila da ya tsara wannan ilimi a littafinsa na 1854, tun ba a san za a yi kwamfuta irin tamu ba.

Inda na fi yaba masa shi ne yadda yake gyara kuskure. Na rubuta nawa shirin, na sa sharaɗin buhu biyar a sama, na goma a ƙasa. Da na gwada da buhu 12 sai ya ba ni ƙaramin ragi. Malam bai taɓa mini madannai ba. Ya ce, "Bi shi layi-layi da yatsa, Alhaji. Sha biyu ya kai biyar?" Na ce ya kai. "To an gama, ba zai duba na ƙasa ba." Ashe da zarar sharaɗi ɗaya ya cika, Python ta yi aikinsa ta tsallake sauran. Da an kawo wannan cikin ciniki, asarar abokin hulɗa ce babba. Haka ya yi da wata ɗaliba da ta sa alamar daidai guda ɗaya (=) inda ake son biyu (==): ɗaya ajiyar lamba ko suna take yi, biyu kuwa tambaya suke yi ko abu biyu daidai suke.

Batun and (wato "kuma") da or (wato "ko") kuwa, da maganar bashi ya koyar da shi. Ina ba mutum bashi idan tsohon mai saye ne kuma ya biya na baya, dole biyun su cika. Wannan ya zauna mini daram. Amma not, mai juya gaskiya ta koma ƙarya, ƙarya ta koma gaskiya, a gurguje aka wuce shi, saura minti goma a tashi, kuma har yau rabin ajin na tuntuɓe a kansa. Wannan bai kamata ba.

Sauran ƙorafina biyu ne. Kwamfutocin ba su kai yawanmu ba, mutum biyu kan raba guda, kuma mai saurin hannu ne ke cin moriya. Sannan idan an ɗauke wuta akan ɓata lokaci kafin a tada janareta, abin da ba ka adana ba ya tafi.

Duk da haka na riga na biya wa 'yata ta fari kuɗin zango mai zuwa. Wanda zai je ya riƙo tasa kwamfutar in yana da ita, ya kuma sa rigar sanyi, domin ɗakin yana kallon iska kuma sanyin safiyar Jos ba ya wasa.