Auna hasken fitilar shuka da waya: abin da na gani bayan na yi amfani da manhajojin

Duk mai rainon shuka a cikin ɗaki da fitila ya san wannan matsalar, ɗaki ya yi haske tar har yana kashe ido amma tsiron latas ko na tumatir sai miƙewa yake yana sirancewa, kara ba ƙwari, ganye ya koɗe. Ido ba ma'auni ba ne a harkar nan don yana sabawa da duk hasken da ya samu. Rana tsaka a waje tana kai lux 100,000 (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske), ɗakin da muke cewa yana da haske sosai kuwa da ƙyar yake wuce 500, amma ido ba zai taɓa nuna maka tazarar ta kai haka ba. Mitar da aka ƙera don wannan aikin irin na Apogee ko LI-COR tana da tsada sosai ga wanda tukwane ƴan kaɗan gare shi, shi ya sa na koma ga manhajojin waya, kuma na daɗe ina amfani da su yanzu. Ra'ayina dai suna da amfani ƙwarai, amma na fi yarda da su wajen nuna min bambancin nan da can fiye da ainihin lambar da suke rubutawa a fuskar waya.

Dalili kuwa, waya ba ta auna abin da shuka ke ci kai tsaye. Lux an gina shi ne a kan idon ɗan adam wanda ya fi ganin kore mai ɗan rawaya, wajen nanomita 555 a ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi. Ita shuka hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 take amfani da shi, wanda ake kira PAR, kuma ƙwayoyin hasken da ke sauka a murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya ake ƙirgawa, shi ne PPFD, ana faɗinsa da maikromol. To abin da manhaja take yi shi ne ta auna haske kamar yadda waya ke ganinsa sai ta yi lissafi ta juya shi zuwa PPFD gwargwadon irin fitilar da ka ce mata kana amfani da ita. A hasken rana kusan lux 54 ne ke ba da maikromol ɗaya, a farar LED wajen 65 zuwa 70, a fitilar sodiyam mai ruwan lemo da ake kira HPS kusan 82. Kaga kenan lux 20,000 a ƙarƙashin rana ya kai maikromol 370, a farar LED wajen 300, a HPS kuma bai wuce 245 ba, lamba ɗaya ce amma abincin shuka daban daban. Don haka duk manhajar da ta nuna min PPFD ba tare da ta tambaye ni irin fitilata ba nan take nake goge ta, kuma akwai su da yawa irin na kyauta ɗin nan masu cike da talla, ka ɗaga waya ƙarƙashin fitila hannu na rawa sai talla ta rufe maka lambar.

Manhajojin iri biyu ne. Akwai masu amfani da ƴar sensar nan ta saman waya wadda ke rage ko ƙara hasken skirin da kanta, yawancin na Android haka suke. Wannan sensar ba don awo aka saka ta ba, tana ɓoye bayan gilashi mai duhu kuma kowane kamfani da irin tasa. Na taɓa jera waya biyu kafaɗa da kafaɗa a kan tire ɗaya, manhaja ɗaya, fitila ɗaya, lambobin suka yi hannun riga, kuma ɗaya daga ciki da na matsar da ita kusa da fitila sai ta tsaya a wata lamba ta ƙi gaba, ashe iyakarta kenan. Da ka ɗan karkata wayar ma lamba ta faɗi warwas.

Sai masu amfani da kyamarar gaba. A iPhone dole haka ne don Apple ba ya barin manhajoji su taɓa sensar haske. Wadda na fi jin daɗinta a nan ita ce Photone, kuma ita tana buƙatar ka rufe kyamarar da farar takarda. Abin ba wuya, ka yanki siririn tsiri daga takardar firinta ta yau da kullum mai gram 80, ka naɗe saman wayar da shi ya rufe kyamarar gaba ya kwanta luf ba tare da ya kumbura ba, ka liƙe bakin da salatif ta bayan wayar, kar salatif ya hau kan kyamarar. Amfanin takardar shi ne kyamara abin da ke gabanta kawai take gani sosai, ganye kuwa yana karɓar haske ta ko'ina har wanda bango ya maido, to takardar ce ke tattaro hasken gefe ta watsa shi daidai. Kaurin takarda yana canja sakamako, in ka sa mai kauri ko ka ninka ta biyu lamba za ta sauka, in ta yi datti ko ta sha danshin wurin shuka a sake yanko sabuwa kawai.

Na samu aron mitar gaske na gwada su tare. A ƙarƙashin farar LED, kyamara da takarda ta zo kusa sosai, kusancin da ya ishi mai shuka a gida. Inda duk wayoyin suka fi tangal-tangal shi ne fitilun nan masu ja da shuɗi da ke mai da ɗaki ruwan hoda, don yawan ja da yawan shuɗi ya bambanta daga fitila zuwa fitila kuma nan ne lux ya fi rauni, fitilar za ta yi kamar ba ta da ƙarfi alhali shuka tana samun rabonta. In irinta gare ka kar ka sauko da ita ƙasa don kawai waya ta nuna ƙaramar lamba, za ka ƙona ganye. Wasu manhajojin suna da wurin da za ka saita su da mitar gaske, in ka samu aro ko na yini ɗaya ne ka yi hakan, yana gyara abubuwa da yawa.

Inda na fi cin moriyarsu shi ne zagaya wurin shukar. Na ɗora waya daidai tsayin saman ganye fuskarta na kallon sama, na auna tsakiya, na auna kusurwoyi, sai ga shi kusurwa ba ta samun ko rabin abin da tsakiya ke samu, kuma tukwanen da ke can su ne dama suke baya a girma. Da na ɗaga fitilar kaɗan na ƙara mata ƙarfi, tsakiya ta ɗan ragu gefe ya ƙaru, wuri ya daidaita. Wannan ko wayar da lambarta ba daidai take ba ma tana iya nuna maka shi, tunda kuskurenta iri ɗaya ne a ko'ina. Sai dai ka kula da inuwar kanka da ta hannunka, ka cire gilashin kariyar skirin wayar in mai duhu ne, in a cikin tantin rainon shuka kake aiki ka ja zif ɗin ya kusa rufewa kafin ka karanta don bangon cikin yana maido haske mai yawa.

Abu na biyu da ya sa ba zan rabu da su ba shi ne DLI, wato jimlar hasken da shuka ta sha a yini. Lissafin ba wahala, PPFD sau awannin da fitila ke kunne sau 0.0036. In kana da PPFD 200 na awa 16 ka samu 11.5, in ka kai 250 ka samu 14.4. Latas tana son wajen 12 zuwa 17, tumatir mai ƴaƴa kuma 20 zuwa 30, kaga don ka ba tumatir 25 cikin awa 16 sai ka samu sama da 430 a saman ganye, abin da ƙananan fitilu da yawa ba za su iya ba komai rubutun da ke jikin kwalinsu. Manhajar kirki tana yin lissafin da kanta, kai dai ka saka awanni.

Wanda wayarsa ta Android take ba shi lambobi marasa kan gado akwai hanya ta tsakiya, ƙaramar mitar lux mai Bluetooth irin UNI-T UT383BT da ake haɗawa da manhajar PPFD Meter, ita mitar tana da farin ƙoƙonta na tattara haske don haka ba ruwanka da sensar waya, amma nan ma sai ka zaɓi irin fitila daidai. Kuma duk cikinsu babu mai gaya maka zafin da ke sauka kan ganye ko hasken UV, wannan sai ka riƙa duba ganyen sama, in gefensa ya fara nannaɗewa sama ko ya fara yin fari-fari a ɗaga fitila ko me waya ta ce. Shuka kuma tana tsawo tana kusantar fitila, awon da ka yi tana tsiro ba zai yi maka aiki ba bayan sati biyu ko uku, sai an sake.