Free Fire ko PUBG Mobile a ƙaramar waya?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne za ka sauke a cikin wasannin harbi na waya guda biyu, Free Fire da PUBG Mobile. To, tun da RAM ɗin wayarka 3GB ne, kuma da datar da kake saya za ka riƙa wasa, Free Fire za ka sauke. Kamfanin Garena na ƙasar Singafo ne ya fitar da shi a 2017, kuma tun farko domin ƙananan wayoyi aka gina shi: mutum 50 ake saukewa a tsibiri, zagaye guda kuma yakan ƙare cikin minti goma ko kusa da haka, saboda haka ko caji ya yi ƙasa kana iya kammalawa kafin waya ta mutu.

Abin da ya riƙe ni a cikinsa shi ne jama'a. A ƙungiyarmu akwai wani matashi ɗan Damagaram da wani mai gyaran waya a Zangon Kumasi, mukan haɗu bayan sallar isha'i, kowa da abin sauraro a kunne yana magana da Hausar garinsu. Wata rana an kwantar da ni kusa da Clock Tower a taswirar Bermuda, harsasai na zuba, sai ɗan Damagaram ya rugo ya kafa bangon gloo (katangar kariya da ake kafawa nan take a wasan) a gabana, ya tashe ni yana cewa, "Tashi, babban yaya, da sauran aiki." Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma da ya yi rashin mahaifinsa duk mun kira shi mun yi masa ta'aziyya.

PUBG Mobile, wanda Tencent ya fitar a 2018, ya fi kyawun hoto, wannan ba a musunsa. Sai dai mutum 100 ne a taswira mai faɗi irin Erangel, wasa kan kai rabin awa, yana cin wuri, kuma waya irin taka za ta yi zafi ta riƙa sarƙewa.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu tallar diamond (kuɗin cikin wasan da ake sayen kaya da shi) a rabin farashi a WhatsApp da Facebook. Sayen halal lambar ID ɗinka kawai yake buƙata, duk wanda ya nemi kalmar sirrinka asusunka yake so ya ƙwace. Haka kuma kada ka sayi tsohon asusu komai yawan kayan da ke ciki, domin dokar wasan ta hana, kuma mai sayarwa na iya dawo da abinsa ta Facebook ɗin da ya haɗa shi da shi bayan ya karɓi kuɗinka. Manhajojin maguɗi da ake rabawa su ma rufe asusu suke jawowa.

Idan ka sauke, ka haɗa asusun da Google ko Facebook naka tun ranar farko, kada ka zauna a matsayin baƙo, wato da asusun da ba a haɗa da komai ba. Ka kuma bar Free Fire MAX na 2021, wato samfurin wasan mai ingantaccen hoto, sai ka canza waya, tun da ya fi nauyi, alhali masu shi da masu na asali wuri ɗaya suke wasa.