Batirin sola na gida: litiyam, tubula ko jel?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, sannan aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kowane yunit a watan Afrilun 2024, magidanta da yawa suka karkata ga sola. Akasarinsu kan mai da hankali kan yawan farantai da girman inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, alhali batir ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ne yake fara mutuwa. Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa: jel, tubula mai ruwa, da litiyam.

Batirin jel bai dace da ƙasarmu ba, domin zafi yana cinye shi, kuma idan ya bushe babu hanyar ƙara masa ruwa. Ba zan ɓata lokaci a kansa ba.

Tubula ya fi shi juriya, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya farawa da shi. Sai dai lissafinsa yana yaudarar mutane. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar yunit 2.4, irin wanda mita ke ƙirgawa, a rubuce, amma rabin wannan kawai ya kamata a sha idan ana son ya daɗe. Saboda haka guda huɗu da ake haɗawa ga inbata mai bolt 48 ba su ba da abin da ya wuce yunit 4.8 na amfani, ga nauyin da ya haura kilo 200, ga ƙarin ruwan batir lokaci zuwa lokaci, ga warin asid a ɗaki. An kuma san cewa batirin dalma, irin su tubula da jel, yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25, kuma kowa ya san yadda Kano da Sakkwato da Maiduguri suke a watan Afrilu.

Wanda nake ganin ya cancanci kuɗin mutum shi ne litiyam, musamman nau'in da ake rubuta wa LiFePO4. Akwati guda mai bolt 51.2 da amfiya 100 yana ɗaukar yunit 5.12, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wannan kullum ba tare da an yi masa illa ba, wato shi kaɗai yana yin kusan aikin tubula huɗu, da nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nasu ba. Masu ƙera na ƙwarai suna ba da tabbacin caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, wanda ya ninka na tubula sau da dama. Yana cika da sauri, abin da ke da amfani da damina ko lokacin hazon hunturu da rana ba ta daɗewa da ƙarfi, kuma wutar da ke salwanta tsakanin caji da saukewa kaɗan ce. Ya fi sauran nau'o'in litiyam wahalar kamawa da wuta, kuma shi kamfanin Tesla ya koma amfani da shi a batirinsa na Powerwall 3. Tsadarsa a ranar saye gaskiya ce, amma wanda ya sauya tubula sau biyu ko uku ya riga ya biya kuɗin litiyam bai samu litiyam ba.

Akwai kuma wani abu da litiyam yake da shi wanda sauran ba su da shi, wato ƙaramar kwamfutar da ke cikinsa, wadda masu haɗa sola ke kira BMS. Ita ce ke lura da kowane ɗan batir da ke cikin akwatin, ta yanke wuta idan zafi ko caji ya wuce kima, ta kuma riƙa sanar da inbata ainihin abin da ya rage. A kan wannan ne aka gina tsarin da ake yi a wasu ƙasashe na haɗa baturan dubban gidaje ta intanet su zama tamkar tashar lantarki guda. Idan buƙatar wuta ta yi yawa da yamma, kamfani kan aika umarni, kowane gida ya saki wani kaso na wutar da ya tara zuwa babban layi, a biya maigidan, shi kuma yana da ikon ƙayyade abin da za a bar masa don kansa. Jihar Ostireliya ta Kudu ta fara irin wannan da kamfanin Tesla a 2018, aka soma da gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, kuma a jihar Kalifoniya ta Amurka an biya masu batir dala 2 a kowane yunit da suka saki a lokutan gaggawa a 2022. Irin wannan ciniki yana buƙatar layin wuta mai ɗorewa da mita mai ƙirga shiga da fita, waɗanda galibin unguwanninmu ba su da su, don haka kada dillali ya ƙara wa kowa kuɗi da wannan alkawari. Duk da haka batirin da ke magana da inbata ta wayar sadarwa da ake kira CAN ko RS485 ya fi daɗewa ko da a gida ɗaya ne, kuma ya kamata a tabbatar inbatar da ake da ita tana jin yarensa kafin a biya.

Matsalar ita ce, yadda litiyam ya yi farin jini haka jabunsa ya cika gari. Na taɓa tsayawa a kan wani akwati da aka sayar mini a matsayin sabo dal, mai gyara ya kwance murfinsa bayan ya fara ɗaukewa tun kafin tsakar dare, sai ga 'yan baturan ciki sun kumbura, an goge lambar QR da ke kan kowannensu da takardar yashi, an manna sabuwar leda shuɗiya a kai. Kwance ne aka yi wa sabon gida. Mai shagon kuwa ya ce ai inbatata ce ta lalata shi.

Saboda haka sikeli shi ne shaidar farko. Kowane ɗan batir mai amfiya 100 yana da nauyin kusan kilo 2, guda 16 sun haura kilo 30 kafin a sa nauyin akwatin ƙarfe da wayoyi, don haka akwatin da aka rubuta wa yunit 5 amma yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya ƙarya ce. Nauyin ma bai isa hujja ba shi kaɗai, tunda masu algus kan cusa ƙarfe ko yashi. A kuma tambayi adadin 'yan baturan ciki: mai 15 yana ba da yunit 4.8 ne, ba laifi ba ne a sayar da shi, laifin shi ne a karɓi kuɗin mai 16. Allon da ke nuna kashi 100 ba abin dogaro ba ne, domin ana iya saita shi ya faɗi abin da aka ga dama. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika batirin, a ɗora masa kaya masu jan wat 500, a duba agogo. Lafiyayye mai yunit 5.12 zai kai awa takwas ko kusa da haka.

Garantin shekara biyar da aka faɗa da baki ba shi da amfani. A nemi a rubuta lambar akwatin a kan rasit, a rubuta ko sauyawa za a yi ko gyara, da kuma inda za a kai shi, sannan a yi gwajin awa takwas ɗin a makon farko, tun mai shagon yana iya tuna fuskar wanda ya saya.