Slay the Spire: sa'a ke raba kati, amma shawara taka ce

Kamfanin Mega Crit ya kammala fitar da Slay the Spire a 2019, ya iso wayoyin Android a 2021. Wasan kati ne irin wanda in ka mutu sai ka koma tun farko, kuma duk komawa da sabuwar taswira da sababbin katuna. Matsalar irin waɗannan wasanni ita ce mutum ya faɗi ya ce ai caca ce kawai. Wannan ya kauce wa hakan, kuma dabararsa ta cancanci a duba ta.

Sa'a tana zuwa ne kafin ka yanke shawara, ba bayanta ba. Kowane juyi na faɗa ana ba ka kati 5 da kuzari 3, wanda da shi kake biyan buga katunan. A saman kan abokin gaba akwai alamar abin da zai yi, har da yawan bugun da zai kai maka. Katin da aka rubuta 6 kuwa 6 ɗin zai cire, babu kuskuren hari. Taswira a buɗe take, babban dodon da ke ƙarshen hawa (wato kowane babban sashe na wasan) ma ana ganinsa tun daga ƙasa, don haka shiri ya rage naka.

Akwai kuma gyaran da ake yi a ɓoye. Damar samun kwalbar magani bayan faɗa tana farawa daga kashi 40, in ba ta fito ba a ƙara 10, in ta fito a rage 10. Katuna masu wuyar samu ma haka, jira yana ƙara damarsu.

Inda sababbi ke kashe kansu shi ne kwaɗayi. Bayan faɗa ana nuna kati 3, kana iya ƙin duka, amma su ko me aka miƙo sai sun karɓa, tarin ya kumbura, katin kirki ya daina zuwa hannu. Cire kati a shago zinare 75 ne, kowane cirewa ya hau da 25, kuma kuɗin bai tashi a banza ba. Gremlin Nob kuwa, wani ƙaƙƙarfan abokin gaba, ƙarfi yake ƙarawa duk lokacin da ka buga katin kariya irin su Defend, sai a tare shi da duka.

Aibinsa: daga cikin matakan wahala 20, na sama ba sa yafe mugun rabo a farkon hawa na biyu, ko da ka iya. A ƙaramar waya rubutun ƙanana ne, yatsa kan saki kati bisa kuskure, kuma babu janyewa. Mai kwamfuta ya fi more shi.