Zuwa ga Yaya: labarin katin da na yi wa murna

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da yara suna lafiya, kasuwa kuma ana taɓawa. Ran nan a waya ka yi mini dariya don na ce banki ya ba ni kati, har ka ce kai da katin ATM uku a aljihu ba ka taɓa yi wa kowa albishir ba. Sabis ya yi ta yankewa, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Katin da ke aljihunka kuɗinka kake cira da shi. Wannan kuwa katin bashi ne, kuɗin banki ne, kamar dai babban dila a Kantin Kwari ya ba ka atamfa ka sayar, ƙarshen wata ka kawo masa. To amma shi dilan ya san Baba, ya san ƙofar gidanmu, in ka makara ya aiko yaro, in abu ya yi tsamari a zauna gaban dattawa. Nan Bronx, a birnin New York na Amurka, ba wanda ya damu da ɗan gidan wa ne kai. Lamba ce ke tsaya maka, makin FICO mai nuna yadda kake biyan bashi, daga 300 zuwa 850. Kamfanoni uku ne ke riƙe da littafin bashin kowa: Equifax, Experian da TransUnion. Mai ba da hayar gida zai duba, mai sayar da mota zai duba, banki kuwa ba a magana.

Ka tuna zuwana gida a 2019 lokacin jinyar Baba, Allah ya jiƙansa. Kafin in taso na sayi rigar sanyi da takalma da katin bashi na wani kanti, dala 180. Hankalina yana asibiti, na manta shaf. Da na dawo kuma na canza ɗaki, takardunsu suka ci gaba da zuwa tsohon adireshi. A nan in ka wuce kwana 30 ba ka biya ba sai a rubuta a littafin, a sake rubutawa a kwana 60, a sake a 90, daga baya su miƙa bashin ga masu bin bashi. Ban san wainar da ake toyawa ba sai da na je neman gida a 2021. Matar ofishin ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta ɗora biro a kan 540, ta ce sai dai in kawo mai tsaya mini. Ga takardar albashina a hannu, ga kuɗin haya a asusu, haka na fito ina gumi cikin sanyin Janairu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shekara shida ina zuba adashi da 'yan'uwanmu 'yan zangon Kumasi da mutanen Maraɗi, ban taɓa fashin mako ɗaya ba. Wannan duk bai shiga littafin ba. Rigar sanyi ce ta shiga.

Na biya bashin, sai na tarar biyan ba ya goge tabon, shekara bakwai yake yi daga ranar da aka fara makara. Na nemi katin bashi sau biyu aka hana ni, ashe kowace nema ma tana ɗan rage maki, kuma alamarta na zama shekara biyu. Wani abokin aiki ya haɗa ni da masu cewa za su wanke suna in an ba su kuɗi. Kada ka so ka ji daɗin bakinsu. Dokar ƙasar ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin, kuma abin da yake gaskiya a littafin ba su iya cire shi. In kuskure ne aka rubuta maka, da kanka za ka duba rahotonka kyauta, ka kai ƙorafi, su bincika cikin kwana 30.

Abin da ya fisshe ni shi ne katin jingina. Ka ajiye wa banki dala 200, su ba ka kati mai iyakar dala 200. Wato ka ba su kuɗinka su ara maka! Na yi ta jin abin wani iri, amma ta nan suke gwada mutum. Kashi 35 cikin 100 na makin yana kan biya a kan lokaci, kashi 30 kuma a kan yawan bashin da ke kanka, musamman abin da ka ci daga iyakar da aka ba ka. Shi ya sa ban taɓa barin abin da ke kansa ya kai dala 60 ba. Kuɗin waya kawai na ɗora masa, na saita asusuna ya riƙa biya da kansa, katin kuma na jefa shi cikin akwati ƙarƙashin babbar rigar Sallah. Bayan shekara guda da 'yan watanni suka maido mini da jinginata, suka ɗaga iyakar.

Na san za ka tambayi zancen riba. Kuɗin ruwan waɗannan katuna ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma a takardar wata sukan rubuta ɗan mitsitsin abin da za ka iya biya ka huta, nan tarkon yake. In ka biya duka kafin ranar da aka yanka, ko sisi ba a ƙara maka. Malamai sun saɓa, wasu sun ce sa hannu a yarjejeniyar ma bai halatta ba, wasu sun yi sassauci ga wanda ke biya duka saboda larurar zama a nan. Na biyun na bi, Allah ya yafe mana.

Yanzu makina ya ɗan haura 720. Katin da na yi wa murna ba shi da kuɗin shekara, kuma duk abin da na saya suna maido mini da kashi 2 cikin 100.

Ka ja kunnen yaronka na shago kan manhajojin bashin nan na waya. Mu ma a gida akwai masu irin wannan littafi, su CRC, an yi musu doka tun 2017, kuma da BVN ake gane mutum duk bankin da ya je. Ga shi wasu masu manhajar har saƙon tozarci suke tura wa duk lambar da ke wayar mutum, abin da ko nan ban gani ba.

Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana hannun wanda zai taho ƙarshen wata. In zai dawo a haɗo mini da kilishi, a'a, bar kilishin, ba sa barin nama ya wuce filin jirgi. Kuka da yaji sun isa.

Ƙaninka.