Launukan makaranta a shafin intanet: a zuba su duka ko a tsakura?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya kawo tambaya game da aikin da wata makaranta mai zaman kanta ta ba shi na gina mata shafin intanet. Bajon makarantar yana ɗauke da ja wur, da kore shar, da ruwan ɗorawa, kuma mai makarantar ya kafe a kan cewa sai launukan uku sun fito a shafin kamar yadda suke a yunifom da allon bakin ƙofa. Abin da yake son sani shi ne, ya malale shafin da su gaba ɗaya, ko kuwa ya shimfiɗa fari ya riƙa tsakuro su kaɗan-kaɗan?

Malam, hanyoyin biyu duka ana bin su, kuma kowacce tana da hujjarta, sai dai ba su yi kunnen doki ba.

Hanya ta farko, wato a yi saman shafi ja, tsakiyarsa ruwan ɗorawa, ƙasansa kore, tana da riba ɗaya wadda ba zan raina ba: duk wanda ya buɗe shafin zai gane makarantar tun kafin ya karanta sunanta, kuma mai makaranta zai ji an girmama abin da ya kafa. Hanya ta biyu, wadda ake barin mafi yawan shafin fari ko ruwan toka mai haske, a zaɓi launi ɗaya ya yi jagora, sauran biyun su zama ado, ba ta da wannan ɗaukar ido na farko, kuma sau da yawa idan aka nuna wa mai makaranta yakan ce aikin ya yi lami. Idan gane makaranta a kallo ɗaya ne kaɗai ma'auni, ta farko ta yi nasara.

Amma iyaye ba kallo ke kawo su shafin makaranta ba, karatu ne: ranar komawa hutu, kuɗin zango, yadda ake cike fom, da sakamakon jarrabawa. A nan ne tazarar hanyoyin biyu take fitowa, kuma abu ne da ake aunawa da lissafi, ba ra'ayi ba ne. Ƙungiyar W3C, wadda take tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'idar WCAG 2.0 a shekarar 2008, inda ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da shimfiɗar da yake kai kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, ko 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari shi ne ƙololuwa, 21 bisa 1. Idan muka ɗauki launukan da suka yi kama da na bajonka muka auna, farin rubutu a kan tsantsar ruwan ɗorawa yana ba da kusan 1.07 kacal, wato kamar ba a rubuta komai ba; jan rubutu a kan kore mai lamba #008000 (lambar da kwamfuta ke gane launi da ita) bai kai 1.3 ba, ja a kan ruwan ɗorawa yana wajen 3.7, wanda ya isa babban kanu amma bai isa sakin layi ba. Ko tsantsar ja a kan fari ma yana tsayawa ne a wajen 4, ƙasa da abin da ake nema. Dalilin hakan shi ne ido ba ya rarrabe haruffa da bambancin launi sosai, da bambancin haske da duhu yake rarrabe su, kuma ja da kore, duk da suna faɗa da juna a ido, haskensu ya yi kusa ƙwarai. Shi ya sa idan aka jera su sai gefen haruffan ya riƙa yi wa mai karatu rawa.

Wanda ya bi hanya ta farko, saboda haka, yana shiga tsaka mai wuya a kowane sashe na shafin, domin duk inda ya shimfiɗa launi mai ƙarfi sai ya nemo launin rubutun da zai zauna a kai. Wanda ya bi ta biyu ya kashe wannan matsala tun daga tushe, tun da rubutunsa baƙi ne a kan fari, abin da ya rage masa kawai shi ne ya ɗan duhunta launukan bajon a wuraren da zai yi rubutu da su. Ja mai lamba #CC0000 yana ba da kusan 5.9 a kan fari, kore mai lamba #006400 kuwa ya haura 7, kuma babu uban da zai kalle su ya ce ba launukan makarantar ba ne. Ruwan ɗorawa shi ne ba ya duhuntuwa ba tare da ya koma kamar ƙasa-ƙasa ba, don haka kada a yi rubutu da shi ko kaɗan. A mai da shi shimfiɗar madanni ko ta sanarwa, a ɗora masa baƙin rubutu, wanda ke ba da fiye da 19. Dubi tambarin da MTN ta sauya a 2022, baƙi ne a kan ruwan ɗorawa, kuma ana karanta shi daga tsallaken titi.

Akwai kuma masu matsalar rarrabe launi, wadda ta fi yawa ga maza, kuma mafi yawanta tsakanin ja da kore take. Wannan ya shafi aikinka kai tsaye, domin abu mafi sauƙi da zai zo maka a rai shi ne ka sa kore ga ɗalibin da ya ci, ja ga wanda ya faɗi, ko kore ga wanda ya biya kuɗi, ja ga mai bashi. Ƙa'idar WCAG ta hana a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, sai an haɗa da kalma ko alama. A shafin da ja da kore suka riga suka cika ko'ina, jan gargaɗi ba ya sauran wani tasiri, saboda ya ɓace a cikin 'yan'uwansa. A shafi fari kuwa, jan layi ɗaya da ke cewa an ɗage ranar komawa makaranta shi ido zai fara faɗawa a kai.

Na taɓa ganin haka da idona a wata makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba. An rubuta lambar asusun biyan kuɗi da fari a kan ruwan ɗorawa, wani uba yana tsaye a rana a bakin shagon POS, ya kare wayarsa da tafin hannu, ya ƙara hasken fuskar wayar har ƙarshe, daga bisani dai sai da ya kira ofishin makarantar aka karanto masa lambar. A kwamfutar wanda ya tsara shafin, cikin ofis mai labule, rubutun yana ɗan fitowa. Haka nan idan uba ya kai fom shagon buga takardu aka fitar masa da baƙi da fari, ja da kore duka sukan koma toka iri ɗaya.

Ta fuskar kulawa bayan ka miƙa aiki ma, hanya ta biyu ta fi sauƙi, domin malamin da za a bar wa sabunta sanarwa ba sai ya yi tunanin launi ba, kuma hotunan ɗalibai, waɗanda yunifom ɗinsu ya riga ya ɗauko launukan uku, sun fi fitowa a kan fari.

Shawarata ita ce ka bi ta biyu, amma ka ara wa ta farko wuri guda. Ka bar bajon yadda yake ba tare da ka taɓa launinsa ba, ka sa shi a kan fari, ka ja siririn zare mai launuka uku a ƙarƙashin saman shafin. Ka ba kore mai duhu jagoranci a kanun labarai da jerin sassa, ruwan ɗorawa ga madannin neman gurbi, ja kuma ga sanarwar gaggawa kaɗai. Masu adon ɗaki suna da wani kaso da suke bi wajen raba launuka, kashi 60 da 30 da 10 cikin ɗari, kuma yana aiki a nan idan fari ya ɗauki kaso mafi tsoka. Kowane haɗin launi ka gwada shi a ma'aunin bambancin haske da ke shafin intanet na WebAIM, kyauta ne.

Shi kuwa mai makaranta, kada ka je masa da lissafi. Ka tsara shafin kuɗin zango ta hanyoyin biyu, ka ɗora su a ƙaramar Itel ko Tecno irin wadda iyaye suka fi riƙewa, ka roƙe shi ku fito harabar makaranta da azahar, ka miƙa masa wayar ya karanto lambar asusun daga kowanne.